Rigar da Mahaifina Ya Tuɓe wa Mawaƙi a Landan

Shekarun baya, lokacin ban daɗe da kama aikin jinya a Landan ba, mahaifina ya kawo mana ziyara daga Jos. Ba a daɗe da rasuwar mahaifiyata ba, ni da yayyena muka ga zaman kaɗaici na neman cinye shi, sai muka yanke shawarar ya zo wurina a unguwar Catford ya yi lokacin zafi tare da mu, ya ga jikokinsa, ya ɗan sha iska.

Duk wanda ya ga mahaifina a sahun gaba a masallaci, da farin gemu da carbi, ba zai taɓa kawowa a ransa cewa mutumin nan ya san wani kiɗan Turawa wai shi rock and roll ba. Mu da muka tashi a gidansa mun sani. Gyaran rediyo da garmaho ya yi tun yana saurayi. A shagonsa ne wani Bature ma'aikacin kuza ya bar masa faya-fayan wani mawaƙin Ingila da zai koma gida, kuma tun daga ranar mawaƙin nan ya zama ɗan gida. Da muryarsa muka yi wayo. Mahaifiyata hayaniya take kiran kiɗan, ta ce kamar ana faɗa da kwanuka a bayan gida. Waƙa ɗaya ce kawai ta yarda da ita, wata mai sanyi, wadda jitar ke tafiya a hankali. Ba ta san ko kalma ɗaya a cikinta ba, amma in tana tankaɗe sai ka ji tana bin ta da hanci.

Akwai kuma wani hali na mahaifina da ya kamata in faɗa tun yanzu. Shi mutumin da ne. A wurinsa, in mawaƙi ya taɓa maka zuciya, tafi ba ya biya. Tashi za ka yi a gaban jama'a ka tuɓe rigar da ke jikinka ka ba shi. Ya yi wa mai goge haka a bikin yayana, ya dawo gida da 'yar shara. Mahaifiyata ta ce wata rana makaɗa za su dawo mata da shi gida a tsirara.

To, ina dawowa daga aiki wata rana sai na ga hoton mawaƙin nan a bangon tashar jirgin ƙarƙashin ƙasa. Na zaci ma ya daɗe da mutuwa. Ashe yana nan, kuma zai yi wasa ranar Lahadi da rana a wani babban zauren kiɗa a tsakiyar gari, tare da abin da suke kira orchestra, wato taron makaɗan nan masu baƙaƙen kwat da ke kiɗa suna kallon takarda. Nan take na saya mana tikiti. Kuɗin tikitin ba zan faɗa ba, don yayyena suna karanta abin da nake rubutawa. Da na gaya wa mahaifina sai ya dube ni, ya ce, "Uwata, shi ɗin da kansa?" Sunan mahaifiyarsa aka sa mini, shi ya sa bai taɓa kiran sunana ba. Na ce shi da kansa, Baba.

Ranar wasan, maigidana ya kawo shawara cikin ladabi, ya ce ko Baba zai ari kwat ɗinsa, tunda wurin na Turawa ne. Mahaifina ya ce ba zai je ganin tsohon amini da kayan aro ba. Ya buɗe akwati ya ciro farar babbar rigarsa ta shadda, mai aikin hannu na Zariya. Mahaifiyata ce ta sa aka ɗinka masa ita da kuɗin adashinta, kuma ita ce riga ta ƙarshe da ta gan shi a ciki ranar Sallah. Ya ɗora ta a kan kaftani, ya kafa hula, ya fesa turare. A jirgin ƙasa har wata tsohuwa ta tambaye ni ko sarki ne. Ni kuwa sai hura hanci nake yi, kamar ni na ɗinka.

Zauren ya cika maƙil, kusan duk tsofaffin Turawa ne, sa'o'in mahaifina. Kujerunmu na ƙasa, a bakin hanyar da ta miƙe har gaban dandamali. Makaɗa suka fito suka zazzauna, masu gogen Turawa a gaba, ƙanana da manya, har da wanda sai an jingina shi da ƙasa don girma, masu ƙaho da sarewa a baya, sai masu ganguna can ƙarshe. Mahaifina ya bi su da kallo ya ce mutum ɗaya zai yi waƙa amma an tara masa gari guda. Da madugun makaɗan ya fito ya juya mana baya ya ɗaga ɗan tsinkensa, sai ya raɗa mini cewa wannan kam ya sami aikin banza, kowa na wahala shi yana korar ƙuda.

Sai ga mawaƙin. Gashi baƙi wuluk kamar na saurayi, amma fuska da gwiwoyi sun faɗi gaskiya. A hankali ya tako, jita rataye a wuya. Mahaifina ya riƙe hannuna ya ce, "Ashe shi ma ya tsufa." Da ya buɗe baki, muryar ta dushe, ta yi kauri, amma ita ce dai, wadda na sani tun ina rarrafe. Gogunan nan suka ɗauke ta suka tallafe duk inda ta gaza. Ni da na zo rakiya kawai sai da tsigar jikina ta tashi.

Abin da ya fara ba ni haushi shi ne 'yan kallon. Ana kiɗan da aka yi don rawa, su kuwa sun zauna ƙiƙam kamar masu jiran likita. Mahaifina kaɗai ke kaɗa ƙafa yana gyaɗa kai, yana bin waƙa da Turancinsa na faifai. Matar da ke gabanmu ta waiwayo ta harare shi, ta sake waiwayowa. Na rama masa hararar da riba.

Can wajen ƙarshe sai aka rage fitilu, ganguna suka yi shiru, gogunan suka fara wani abu a hankali. Na gane ta tun kafin ya buɗe baki. Waƙar mahaifiyata ce. Na ji mahaifina ya saki hannuna ya miƙe. Na zaci bayan gida zai je, don dama yana fama da yawan fitsari, har na fara lalubar jakata in raka shi. Ina ɗagowa sai na ga ya riga ya cire rigar ta kansa, ya gyara hularsa, ya ninke rigar a kan hannayensa biyu kamar mai ɗauke da jariri, ya kama hanyar dandamali. Ba sauri yake yi ba. Tafiya yake yi irin ta dattijon da zai yi abin kirki a gaban mutane.

Kafin in fita daga tsakanin kujeru, ƙarti biyu masu gadi sun riga ni. Ɗaya Bature, ɗaya baƙar fata. Baturen ya cafki hannunsa ya murɗe shi ta baya, ya tura shi ya haɗa da bangon dandamali. Rigar ta zube a ƙasa. Hularsa ta tashi ta gangara ƙarƙashin kujerun gaba. Tunda nake ban taɓa ganin kan mahaifina a buɗe a cikin mutane ba sai ranar. Tsoho ne mai ciwon gwiwa, ko matakala sai da na riƙe shi ya hau, amma suka danne shi kamar sun kama ɗan fashi. Wasu suka ɗaga waya suna ɗauka. Na ji wani ya yi dariya. Mawaƙin kuwa fitila na haske masa ido, bai ma san ana yi ba, ya ci gaba da waƙarsa.

Suka ja shi ta wata ƙofar gefe, ni kuma na bi su ina ihu da Turanci da Hausa a haɗe. Wani ɗan ɗaki suka kai mu a bayan dandamali. Manajan wurin ya shigo, matashi, da murmushin nan nasu da ba ya kaiwa ido. Ya ce in fahimta, an ga mutum ya nufi dandamali da ƙunshin kaya a hannu, ba su san me ke ciki ba. Na ce ya buɗe ya gani mana, ga ta nan, riga ce. Ya ce ya gani, amma doka doka ce, ba za mu koma ciki ba, kuma alfarma ce ma suka yi da ba su kira 'yan sanda ba.

Alfarma. Wannan kalmar ce ta ƙarasa ni. Na zazzage masa kwandon masifa, ta inda nake shiga ba ta nan nake fita ba. Na ce da idona na ga wata Baturiya ta je gaban dandamalin nan ta miƙa furanni ba wanda ya taɓa ta. Na ce da a ce tsohon nan fari ne da sanda a hannu, da hannu za a kama shi a mai da shi kujerarsa ana ba shi haƙuri. Na ce ni kullum iyayensu nake wankewa a asibiti, ban taɓa murɗe hannun kowa ba. Ina cikin haka sai mahaifina ya ɗaga hannu.

"Uwata, yi shiru. Ana waƙar."

Na kasa kunne. Ashe ta bango ana jin ta, can ƙasa-ƙasa, kamar rediyon maƙwabta. Ya jingina kansa da bangon, ba hula, ya rufe ido. Haka ya ji ƙarshen waƙar da ya yi fiye da rabin rayuwarsa yana jira, kuma rabin abin da ya rage muryata ta cinye shi.

Da tafi ya tashi a ciki, sai baƙin mai gadin nan, da ya fita ban lura ba, ya dawo da hular a hannu. Ya kaɗe ta da hannun rigarsa, ya rusuna, ya miƙa wa mahaifina da hannu biyu. Sai na ji ya ce, da Hausar mutanen zangon Kumasi, "Baba, ka yi hankuri. Na san abin da kake so ka yi. Mu ma a gida haka ake yi." Ni kuwa jin Hausa a bakinsa ya ƙara hura mini wuta. Na ce ashe ka sani, ka tsaya kana kallo aka wulaƙanta sa'an ubanka. Ya sunkuyar da kai ya ce aiki ne, in bai riƙe ba shi za a kora.

Na sunkuci rigar na ce Baba mu tafi. Mahaifina ya sa hularsa, ya karɓi rigar daga hannuna, ya sake ninke ta tsaf. Ya ce ya riga ya tuɓe ta, ba tasa ba ce kuma. Ya miƙa wa mai gadin ya ce ya kai wa mawaƙin hannu da hannu, ya gaya masa daga wani mai gyaran rediyo ne a Jos. Na ce Baba, rigar Mama ce fa. Ya ce ai shi ya sa. Mai gadin ya ce in Allah ya yarda zai kai.

A kwanakin da suka biyo na rubuta ƙorafi, na buga waya, na je da ƙafata. Amsar duk ɗaya ce, wai suna baƙin cikin yadda na ji. Ba baƙin cikin abin da suka yi ba, yadda na ji. Mahaifina kuwa ya hana a ta da zancen. Abin da kawai yakan tambaya, in muna shan shayi, shi ne ko ina ganin rigar za ta yi wa mutumin, tunda ya ga kafaɗunsa sun rame.

Ana haka Babbar Sallah ta zo. Na ce a nemo masa wata babbar riga, ya ƙi, ya ce kaftani ya ishe shi. Muka tafi Idi a babban masallacin Whitechapel. Da aka idar na fito ta ƙofar mata, na same shi da maigidana a bakin titi wajen masu sayar da kayan marmari. Muna cikin gaisawa da mutane sai idona ya faɗa kan wata farar shadda a cikin taro. Aikin wuyan nan ko a mafarki na gan shi zan gane shi. Rigar mahaifina ce, a jikin baƙin mai gadin nan, hannayenta na jan ƙasa don bai ma iya sa ta ba.

Ban san lokacin da na ratsa mutane ba. Maigidana na cewa ranar Sallah ce, ni kuwa ko a jikina. Na tsaya a gabansa na ce ɓarawon amana, tuɓe ta yanzu-yanzu. Mutumin ya fara rantse-rantse, ya ce wallahi ya kai. Mutanen mawaƙin ne suka ce ba a karɓar kaya daga hannun 'yan kallo, ko taɓa ta ba su yi ba. Ya ajiye ta a ɗakin kayan tsintuwa, da lokaci ya wuce aka ce za a zuba su a shara. Ya ce ya kasa ganin rigar dattijo a cikin bola, ba shi da lambarmu, manaja kuma ya hana shi. Ya ce shi tun da ya zo ƙasar nan bai taɓa yin Sallah da babbar riga ba.

Na ce wannan ba matsalata ba ce. Har ya kama wuyan rigar zai cire, sai ga mahaifina ya iso yana ɗingishi. Ya dubi mutumin daga sama har ƙasa. Na ja gefe ina jiran ya yi masa wankin babban bargo. Sai na ga ya sa hannu ya kama hannun rigar na dama, ya tattare shi ya ɗora masa a kafaɗa, ya yi wa na hagu haka, ya gyara masa wuyan.

"Haka ake sa ta. Kada ka bari ta ja ƙasa."

Na ce Baba, me ke nan? Ya ce, "Shi ne ya ɗauko mini hulata." Sannan ya juya ga mutumin, muryarsa ta yi ƙasa. "Amma shi mawaƙin ya gan ta? Ko daga nesa?"

Da ma ya yi masa ƙarya. Na zuba masa ido ina roƙonsa a zuciyata ya ce e. Amma ranar Sallah ce, a ƙofar masallaci, ga shi sanye da rigar. Ya ce, "A'a, Baba. Bai gani ba. Ba a ma gaya masa ba."

Mahaifina ya gyaɗa kai ya ce, "To." Ya yi masa barka da Sallah, ya ce mu tafi kada nama ya huce. Daga ranar bai sake tambayata ko rigar za ta yi wa mutumin ba.

Da lokacin komawarsa ya yi muka raka shi filin jirgi. Na tsaya a inda ake tsayar da 'yan rakiya ina kallonsa yana bin layin bincike. Yana hango masu kayan sarki a gabansa sai na ga ya ɗaga hannu ya cire hularsa da kansa, ya riƙe ta a ƙirji. Ba wanda ya ce ya cire, ko kusa da su bai kai ba. Haka ya bi layin nan har ya ɓace mini, kansa a buɗe.

An ce baƙo ko da ido makaho ne, kuma mutane da yawa sun faɗa mini haka da na ba su labarin, wai ai kowane gari da al'adarsa, su ma masu gadin suna da hujja. Na ji. Ban ce a bar kowa ya hau dandamali ba. Amma ba sai ka san al'adar mutum za ka san tsoho tsoho ne ba. Tambaya ɗaya, a ce Baba ina za ka, da ta wadatar.

Mahaifina ya yi shekaru bayan nan kafin Allah ya karɓi abinsa, kuma bai daina sa faya-fayan ba. Na taɓa tambayarsa yadda yake iya sauraron mutumin da aka ci masa mutunci a gabansa. Ya ce ai ba shi ya kayar masa da hula ba. Shi ya yafe, har mai gadin ma yakan ce in gaishe shi in na gan shi, kuma nakan gan shi wata Sallar, hannayen riga a kafaɗa yadda aka koya masa. Muna gaisawa, ba yabo ba fallasa.

Ni dai ban gaji haƙurin mahaifina ba, rigimar mahaifiyata na gado. Har yau in bas ya bi da ni ta gaban zauren nan sai na kau da kai. Rigar ba ta dame ni ba yanzu, ta sami mai sa ta. Abin da na kasa haɗiyewa shi ne, mutumin da ya shigo ƙasar nan har ana tambaya ko sarki ne, ya fita daga cikinta da hularsa a hannu.